Yadda za ka sayar da tsohuwar jita mai tsirkiya 12 a Abuja

Masu tara tsofaffin jita lambar da kamfani ya buga wa jitar (serial number) suke fara nema. A jitar kamfanin Martin tana cikin ramin sauti, jikin katakon da ya riƙe wuyan jitar. A ta kamfanonin Gibson da Guild, duba bayan kan jitar, inda maɗauran tsirkiya suke. Ka ɗauki hotonta, don ita ke nuna shekarar ƙira.

Sai wuya, inda cinikin yake tashi ko faɗuwa. Tsirkiya 12 na jan katako fiye da 6, shekaru na tafiya wuyan na karkatowa, jakin da tsirkiyoyin ke hawa yana ɗagowa, fuskar jitar na kumbura a bayansa. Ɗora doguwar rula a kan wuyan: in bakinta ya sauka ƙasa da saman jakin, sai an sake dasa wuya, kuma aikin da tsada. Auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a kan wuyan. Wajen milimita 2.5 daidai ne. Faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ka gani.

Kada ka sake mata fenti ko ka canza maɗauran tsirkiya. Sabon fenti karya farashi yake yi.

Hunturun Abuja na tsaga katako. Ajiye ta cikin akwatinta da danshi kashi 45 zuwa 55, ka ɗan sassauta tsirkiyoyin.

Wajen farashi, duba na irinta da aka riga aka sayar a Reverb, shafin intanet na cinikin kayan kiɗa, ba farashin da masu talla ke nema ba. In katakon Brazilian rosewood ne, fitar da ita waje sai da takardar izinin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Kada jita ta bar hannunka sai kuɗi sun shiga asusunka.