Yadda Ake Zaɓen Littafin Awo Kafin a Fara Sake Ɗura Harsashi

A Amurka, inda maharba da 'yan gasar harbi ke tattara kwanson harsashin da suka harba su sake ɗura shi a gida, sabon shiga yakan fara da sayen injin matsa, da sikeli, da gwangwanin albarushi, littafin awo kuwa, wato mai nuna yawan albarushin da za a zuba wa kowane harsashi, sai in canji ya rage. Wannan baibai ne. Littafin ne zai faɗa maka irin albarushin da za ka saya, don haka shi ne a gaba. (Harkar ta ƙasashen da doka ta yarda ce; a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gida.)

Mataki na farko, ka san ko na wane ne littafin. Masu buga littattafan nan kashi uku ne. Akwai masu ƙera kan harsashi, irin su Hornady, Sierra, Speer, Nosler da Barnes: suna gwada albarushin kamfanoni da yawa, amma da kan harsashinsu kaɗai. Akwai masu albarushi, irin su Hodgdon, Alliant da Vihtavuori na ƙasar Finland: su kuma albarushinsu kaɗai, da kan harsashin mutane daban-daban. Sai 'yan ba-ruwanmu masu sayar da kayan aiki, wato Lyman da Lee.

Littafin farko ya zama na Lyman, bugu na 50 ko na 51. Ba shi da albarushin da yake talla, yana nuna matsin da aka auna a cikin bututun bindiga lokacin harbi a gefen awo, kuma yana da awon kan harsashi na zubin dalma, abin da yawancin sauran ba su damu da shi ba. Babin farko-farkonsa, masu bayanin gyaran kwanso da sanya firama (ɗan ƙyastun nan da ke gindin kwanso), su ne aka fi tsallakewa, alhali su kaɗai sun biya kuɗin littafin. Na Lee ya fi araha kuma yana da yawan awo, sai dai tattaro su aka yi daga kamfanonin albarushi, sau da yawa ba ya faɗin takamaiman kan harsashin da aka gwada. Ya yi kyau a matsayin na uku. Kada ya zama shi kaɗai ne a teburinka.

Mataki na biyu, sayi littafin kamfanin da ya ƙera kan harsashin da ke hannunka. In na Hornady ne, nemi bugunsu na 11 na 2021 ko wanda ya biyo bayansa. In na Sierra ne, bugu na 6. Kowanne kuɗinsa kusan na gwangwanin albarushi guda ne. Akwai kuma na kyauta: Hodgdon na da rumbun awo a intanet wanda ya haɗa da albarushin IMR da Winchester da Accurate da Ramshot, Alliant da Vihtavuori ma na da nasu. Ka buga shafin a takarda. Waya kan mutu ko hannu ya goge allo, ka koma kan layin da ba shi ba.

Yanzu ga inda ake faɗawa rami, wato karatun shafin kansa. Abin da ke cikin littafin nan rahoton gwaji ne da aka yi da kaya takamaimai, a cikin bututu takamaimai. A saman kowane shafi an rubuta kwanson wane kamfani, wace firama, tsawon bututun gwaji (galibi inci 24 ga manyan bindigogi), da tsawon harsashin bayan an haɗa shi. Sabon shiga idonsa na kan lambobin ƙasa, bai ko kalli saman ba. To duk abin da ka canza a jerin nan, lambar ƙasa ta daina zama taka. Kwanson soja na 7.62 ya fi takwaransa na kasuwa, .308 Winchester, kauri, cikinsa ya fi ƙunci, saboda haka ɗuri iri ɗaya zai ba da matsi mafi tsanani. Kan harsashin Barnes na jan ƙarfe zalla ya fi mai cikin dalma tsawo ko da nauyinsu ɗaya, yana cin wuri a cikin kwanso, shi ya sa ba a ara masa awon wani. A ƙaramin kwanso irin na 9mm, ka tura kan harsashi ciki kaɗan fiye da yadda aka rubuta, matsi ya yi sama nan take.

Sunan albarushi kuma a karanta shi harafi da harafi. H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350 lambarsu ɗaya, amma abubuwa uku ne daban, kowanne da layinsa. Haka H4831 da IMR 4831. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya ce wa mai shago "ba ni 4350" kawai, bai faɗi komai ba tukuna. Awo kuma da giren ake yinsa, ba da giram ba. Giren ɗaya kashi ɗaya ne cikin 7,000 na laba, kimanin giram 0.065, wato giram guda ya haura giren 15. Sikelin lantarki yakan koma giram da kansa in an taɓa maɓalli, don haka a duba alamar da ke allon kafin kowane zama.

Wasu harsasan ma shafinsu ya kasu gwargwadon ƙarfin bindiga. Na .45-70 yakan zo kashi uku: na tsohuwar Springfield ta 1873, na irin Marlin 1895, da na Ruger No. 1. Buɗe shafi na uku alhali kana riƙe da bindigar kashi na farko, fashewa ce. Haka .45 Colt, akwai awon da aka keɓe wa manyan Ruger da makamantansu kaɗai. Littafin da bai raba waɗannan ba, mayar da shi kan kanta.

Mataki na gaba, ka jera littattafan ka kwatanta. Za ka tarar ba su yarda da juna ba, wani lokaci tazarar iyakar sama ta ɗuri ta kai giren ɗaya ko biyu. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Bututun gwaji ne daban, rukunin albarushi daban, kan harsashi daban. Kuskuren da aka saba shi ne a zaɓi lambar da ta fi girma a ce ai tana cikin littafi. Ka bi wanda kayansa suka fi kusa da naka, ka fara daga awon farawa mafi ƙanƙanta, ka hau da kaɗan-kaɗan. In littafi ya ba da iyakar sama kaɗai, al'ada ita ce a rage kashi 10 cikin ɗari a fara. Amma akwai togaciya: albarushin H110 da W296 ba a rage su sosai, Hodgdon ya daɗe yana cewa kada a wuce kashi 3, domin ɗuri kaɗan a nan ba ya kamawa daidai, kan harsashi na iya maƙalewa a bututu. Kada kuma a sauka ƙasa da awon farawa da sunan taka-tsantsan.

Dubi ma'aunin matsin ma. Tsofaffin gwaje-gwaje da CUP aka rubuta su, sababbi da PSI, kuma babu lissafin da ke mayar da ɗaya zuwa ɗaya yadda za a dogara da shi. Iyakar da hukumar SAAMI ta Amurka ta sa wa .308 Winchester ita ce PSI 62,000. A Turai ƙa'idar C.I.P. ake bi, hanyar awonta daban. Littafin Hornady ba ya nuna matsi, yana jera ɗuri ne bisa saurin harsashi, wannan ma dalili ne na haɗa shi da Lyman.

Littattafan gwanjo na shekarun 1960 da 1970 suna da daɗin karatu, kuma suna amfani ga harsasan da aka daina yayi. Amma an rage wasu awon nasu bayan da na'urorin gwaji suka inganta, gwangwanin da ke ɗauke da sunan Hercules a ciki ma yau Alliant ne. Ajiye su don tarihi, ka ɗura da sabon bugu. Manhajojin kwamfuta irin QuickLOAD hasashe suke yi, ba gwaji ba. Awon da wani ya rubuto a dandalin sada zumunta kuwa, in ba ka gan shi cikin iyakar littafi ba, bar masa kayansa.

Saura ƙananan abubuwa. Duba shafin kamfanin ko sun fitar da gyaran kuskuren bugu, ka rubuta shi da biro a littafinka. Gwangwani ɗaya kaɗai a kan tebur, littafi a buɗe a gefensa. Sannan ka sayi littafin rubutu na makaranta, kowane zama ka sa kwanan wata, sunan albarushi da lambar rukuninsa, nauyin ɗuri, firama, tsawon harsashi, da littafi da shafin da ka ɗauko awon. Ka kwafi wannan a 'yar takarda ka manna a jikin akwatin harsashin.