Yadda ƙasashe biyu aminan juna za su ƙarfafa ciniki da zuba jari a tsakaninsu

Shugabanni biyu sun yi musafaha gaban 'yan jarida, an sa hannu a takardun fahimtar juna, an ci liyafa an watse. Bayan shekara biyu ka tambayi direban tirela ko wani abu ya sauya a kan iyaka, sai ya yi maka dariya. Zumuncin gwamnatoci shi kaɗai ba ya kai kaya kasuwa, akwai aikin da sai an bi shi daki-daki.

Matakin farko, a san cinikin da ake yi yanzu. Kowace ƙasa ta fito da alƙaluman kwastam ɗinta a jera su gefe da gefe. Sau da yawa abin da wannan ta ce ta fitar ba ya zuwa daidai da abin da waccan ta ce ta karɓa, kuma a wannan giɓin fasa-ƙwauri da ƙaryar farashi ke ɓuya. Daga nan a zaɓi kaya uku ko huɗu da kowane ɓangare ke buƙata da gaske, a fara da su. Faransa da Jamus ta Yamma, tare da wasu ƙasashe huɗu, da kwal da ƙarfe kaɗai suka fara a yarjejeniyar Paris ta 1951. Amurka da Kanada da motoci suka fara a 1965, sai a 1989 babbar yarjejeniyar cinikinsu ta fara aiki.

Mataki na biyu shi ne iyaka, kuma a ganina nan ne rabin aikin yake. Ɗan kasuwa ya fi tsoron kwana biyar a layi da shingaye goma a hanya fiye da harajin kansa, domin haraji ya san adadinsa tun daga gida, jinkiri kuwa ba shi da lissafi. Maganin da aka gwada shi ne ofishin iyaka na haɗin gwiwa, inda jami'an ƙasashen biyu ke zama a gini ɗaya, a duba mota sau ɗaya ta wuce. Zambiya da Zimbabwe sun buɗe irinsa a Chirundu a 2009. Amma gini ba ya wadatarwa. Najeriya da Benin sun ƙaddamar da na Seme-Krake a 2018, shekara ba ta cika ba Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba ta sake buɗewa ba sai Disambar 2020. Babban ƙorafinta shi ne kayan wata nahiya da ake saukewa a tashar maƙwabta, a lallaɓo da su ta bayan fage. Saboda haka tun kafin a rage haraji, a daddale ƙa'idar asalin kaya: kashi nawa na aiki za a yi a cikin ƙasa kafin a kira kaya nata, kuma wa ke ba da takardar shaida. A kuma yarda cewa gwajin ingancin da hukumar wannan ƙasa ta yi ya isa a waccan, ba sai an maimaita ba.

Na uku, hanyar biyan kuɗi. Abin takaici ne maƙwabta biyu su yi ciniki amma sai kowa ya nemo dala, kuɗin ya zagaya ta wani banki a Amurka kafin ya dawo. Manyan bankunan ƙasashen na iya ƙulla musayar kuɗaɗensu, kamar yadda Najeriya da Sin suka yi a 2018 kan kuɗin Sin yuwan biliyan 15. A Afirka akwai tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022, wanda ke ba mai saye damar biya da kuɗin ƙasarsa, mai sayarwa ya karɓa da nasa. Abin lura shi ne a tabbatar ƙananan 'yan kasuwa na samu a bankunansu, kada manyan kamfanoni su wawashe.

Na huɗu ya shafi mai zuba jari, wanda tambayoyinsa uku ne: za a karɓi haraji a kaina sau biyu, zan iya fitar da ribata, kuma idan rigima ta tashi wa zai raba mu? Yarjejeniyar hana ninkin haraji ta amsa ta farko. Yarjejeniyar kare jari ta amsa sauran biyun, musamman idan ƙasashen sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta wajabta wa kotunan gida aiwatar da hukuncin masu sasanci na waje. A nan a yi hattara, kada ɗoki ya sa a ba baƙo komai gwamnati ta ɗaure hannunta. Yarjejeniyar kare jari da Maroko da Najeriya suka sa wa hannu a 2016 ta ɗora wa mai jarin nauyi shi ma, har da binciken tasirin aikinsa a kan muhalli.

Biza da jiragen sama ba sa buƙatar dogon bayani. A ba 'yan kasuwa biza mai shiga da fita ta shekaru, a buɗe jirgi kai tsaye tsakanin manyan biranen kasuwanci.

Mataki na ƙarshe, a sami mai bibiya. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedikwata a Yamai, kuma irinta kowane ƙawance ke buƙata. Sai dai kada ta zama taron jami'ai zalla. A ba cibiyoyin 'yan kasuwa, ƙungiyoyin direbobi da masu fiton kaya kujeru a ciki. Kowane alkawari a rubuta ma'aikatar da za ta cika shi da ranar da za ta cika. Duk wata shida a wallafa abubuwa uku kowa ya gani: kwanakin da mota ke yi a iyaka, yawan shingayen da suka rage a hanya, da jarin da ya shigo a zahiri, ban da wanda aka yi shelarsa a wajen liyafa.