Yadda ake zaɓar wurin saka kafasita a layin wuta mai hamonik

Aikin kafasita shi ne ta samar wa injina wutar maganaɗisun da suke buƙata a kusa da su, wadda ake aunawa da kVAr, don kada su riƙa jawo ta tun daga tasha. Idan ta zauna daidai, asarar wuta a waya tana raguwa, boltej ya ɗaga, taransfoma ta samu sarari. Matsalar ita ce yanzu layukanmu cike suke da inbata, UPS, fitilun LED da na'urorin sarrafa gudun inji. Waɗannan ba sa shan wuta a santsi. Suna yanka ta, su mayar wa layi da ƙarin igiyoyi da ake kira hamonik. Kowace hamonik ninkin mitar wutar ce: a wutarmu mai 50 Hz, ta 5 tana kan 250 Hz, ta 7 kuma 350 Hz. Ita kuwa kafasita, iyakar yadda mitar ta hau, iyakar yadda take buɗe wa wuta hanya. Shi ya sa ita ce ke fara shan wahala.

Fara da awo. Ka ɗaura na'urar auna ingancin wuta a bayan taransfoma, ka bar ta mako guda, dare da rana har da ranar hutu. Ka fitar da kW da kVAr da fawa-fakta (kason wutar da ke yin aiki na gaske cikin duk wadda aka jawo), da jimillar gurɓatar boltej, da girman kowace hamonik ita kaɗai. Ƙa'idar IEEE 519 ta sa iyakar jimillar gurɓatar boltej a kashi 8 cikin 100 ga layin da bai wuce bolt 1,000 ba, kashi 5 kuma daga nan zuwa 69 kV, wato har da fidojin 11 kV da 33 kV, layukan da ke raba wuta daga tasha.

Sai lissafin girma. A ce masana'anta tana shan kW 700 a fawa-fakta 0.75, kana so ka kai ta 0.95. Kowace fawa-fakta kosayin ce ta wata kusurwa; tanjent ɗin kusurwar farko 0.882 ne, na ta biyu 0.329. Bambancinsu 0.553, ka ninka da 700, ka samu kVAr 387. A kasuwa za a ce maka ɗauki 400 kawai.

A nan ne ake faɗawa rami. Kafasita da naɗin wayar taransfoma suna da wata mita da suke amsa wa juna, abin da injiniyoyi ke kira rezonans. Idan mitar ta zo daidai da wata hamonik da ke layin, sai ƙaramar gurɓata ta kumbura ta ninku, fiyus ya riƙa ƙonewa, gwangwanin kafasita ya kumbura. Gano wurin ba wuya: ka raba ƙarfin gajeren zango na wurin (wato kVA ɗin da zai kwarara idan wayoyi suka haɗu kai tsaye) da girman kafasitar, ka ɗauki tushen murabba'in amsar. Taransfoma mai kVA 1,000 da turjiyar kashi 5 tana ba da ƙarfin gajeren zango na kusan kVA 20,000, wato 1,000 a raba da 0.05. Raba da 400, ka samu 50, tushensa 7.07. Ka ga ke nan kafasitar da aka ce ka ɗauka ta sauka a kan hamonik ta 7 daram.

Kada ka yi wannan lissafi sau ɗaya ka rufe littafi. Masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano suna yawan komawa kan janareta, shi kuwa janareta ƙarfin gajeren zangonsa bai kai na babban layi ba. Da an juya gare shi, lambar nan ta sauko, tana iya kusantar ta 5, wadda galibi ta fi ta 7 girma. Haka nan idan kafasitocin mataki-mataki ne, kowane mataki da tasa mitar. Ka gwada su duka, a kan layi da kan janareta.

Yanzu wuri. A fida mai kaya iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, akwai tsohuwar dokar kashi biyu bisa uku: kafasita mai biyu bisa uku na kVAr ɗin fidar, a nisan biyu bisa uku daga tasha. Tana da kyau a matsayin mafari, amma ba ta san da hamonik ba, kuma fida ta gaske ba ta da wannan ladabin. Ka zana layin a manhaja irin ETAP, PowerFactory ko OpenDSS, ka zaɓi wuraren da boltej ya fi faɗuwa, ka gwada kowanne, kana duba asara da mitar rezonans tare. Masu bincike suna barin kwamfuta ta tace dubban haɗe-haɗe, sai dai in ba a saka iyakar gurɓata cikin sharuɗɗan ba, amsar da za ta ba ka mai arha ce a takarda kawai. Wurin da ya rage asara kaɗan amma ya yi nesa da ta 5 da ta 7, ni shi nake zaɓa.

Idan babu wurin da ya tsira, sai a haɗa wa kowace kafasita riyakta, wato naɗin waya mai sauke mitar rezonans, a jere. Ta kashi 7, wato mai turjiyar kashi 7 cikin 100 na ta kafasitar, tana saukar da mitar zuwa kusan 189 Hz, ƙasa da ta 5. Inda ta 3 ta yi yawa, kamar ginin da ke cike da kwamfutoci da fitilu, ta kashi 14 ake sa wa, mai 134 Hz. Riyakta tana ɗaga boltej a kan kafasitar, don haka a layin bolt 415 kada ka sa kafasita mai bolt 415. Nemi mai 480 idan riyaktar ta kashi 7 ce, ko mai 525 idan ta kashi 14 ce.

Ka raba kafasitocin gida biyu: ƙaramin kaso na dindindin daidai da buƙatar dare, sauran a kan na'urar da ke kunnawa da kashewa da kanta, don kada boltej ya haura idan kaya sun ragu. Bayan an kunna, ka mayar da na'urar awon wani makon, ka kwatanta da na farko. Duk lokacin da za a taɓa kafasita, a kashe, a jira ta sauke cajinta, a auna, sannan a haɗa ta da ƙasa.