Darasi na Tara: Fitilar Banɗaki

A yawancin gidajenmu, banɗaki ne ake mantawa da shi wajen saka fitila. Falo ya samu mai kyau, ɗakin kwana ya samu, shi kuwa banɗaki sai a jawo masa waya daga ɗakin da ke kusa, a rataye ƙwai tsirara, a naɗe mahaɗar da salatef. Ɗalibai, ina roƙonku ku daina wannan. Wutar da ke shigowa gidajenmu a Najeriya da Nijar ƙarfinta bolt 220 zuwa 240 ne, kuma tana kisa. Ta fi saurin ratsa jikin mutumin da ke tsaye ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti.

Ku dubi abin da ke samun ƙwan da aka bari a buɗe. Da hunturu an juye ruwan zafi a bokiti, tururi ya tashi ya kwanta a jikin holda. Yau da gobe ƙarfen ciki ya yi tsatsa, robar ta yi baƙi, ta fara tsagewa. Ranar da fitilar ta soma ƙyaftawa, sai yaro ya ɗage ya miƙa hannu zai murɗa ta, ga kumfar sabulu a yatsunsa.

Maganin wannan shi ne fitila mai murfi, wadda ruwa ba ya shiga. Yaya za a gane ta a kanti? A jikin kwalinta akwai haruffa biyu, I da P, sai lambobi biyu a gabansu. Ko wanda karatunsa bai yi nisa ba zai iya gane su. Lamba ta farko ta ƙura ce da ƙananan abubuwa, ta biyu ta ruwa ce. IP44 tana jure fantsamar ruwa ta kowane gefe, ta wadatar da banɗakin cikin ɗaki. IP65 ƙura ba ta shigarta, tana kuma jure feshin ruwa kai tsaye. Ita ce ta dace da saman shawa, da makewayin tsakar gida marar rufi, wanda ke shan ruwan damina da ƙurar hunturu. Idan babu wannan rubutu a kwali, ku ajiye ta, komai daɗin bakin mai kanti.

Makunni a waje ake sa shi, gefen ƙofa, a kunna kafin a shiga. Soket kuwa ba shi da wurin zama kusa da ruwa. Masu dafa ruwa da hita a bokiti, a zare ta daga soket kafin a tsoma hannu a ji ɗumi. Aikin haɗawa na mai gyaran wuta ne wanda ya ƙware. In fitilar ba IP65 ba ce, ku ce ya nisanta ta da shawa aƙalla santimita 60, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari, ya kuma sa na'urar RCD mai lamba 30mA, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara bin jikin mutum.

Sai maganar kyau. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60, ya ishi ƙaramin banɗaki. A kwalinsa akwai wata lamba mai harafin K. 3000K haskensa jaja-jaja ne, mai taushi. 6500K fari ne fat, yana kashe ido idan ya daki farin tayil. Ni na fi son 4000K, da murfi mai fari-fari kamar madara. A wajen madubi, fitilar da ke saman kai tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa. A sa ƙanana biyu, dama da hagu, daidai tsayin fuska, mai gyaran gemu da mai sa kwalli duk za su gani sarai.

Kada a manta da ɗaukewar wuta. Ƙaramar fitilar sola mai bolt 12 a saman ƙofa tana taimakon tsoho mai fitowa alwalar asuba, ya ga santsi, ya ga kunama.

Aikin gida: kowa ya duba fitilar banɗakinsa da ido, ba tare da ya taɓa ta ba. Tana da murfi? A ina makunninta yake? Ku rubuta amsar a layi biyu, ku zo da ita aji.