Yadda na haɗa kwamfutata da tsohon majigi

Ana gobe za mu yi bitar malamai, na ɗauko majigin makarantarmu, sai na ga bakinsa bai dace da na kwamfutata ba. Shi VGA gare shi, shuɗin bakin nan mai ramuka 15 a jeri uku. Ita kuwa HDMI kawai.

Na garzaya kasuwa na sayo waya mai kai biyu, na jona. Shiru, bango fari fat. Hankalina ya tashi ƙwarai, don malamai na tafe daga nesa.

Ashe harshensu ne ya bambanta. HDMI na aika saƙon dijital, hoto da sauti tare, VGA kuwa analog ne, hoto zalla. Waya kaɗai ba ta iya fassara tsakaninsu, sai an sa ƴar na'ura mai juya saƙon. Ita ma hanya ɗaya take bi: a tabbatar daga HDMI zuwa VGA ce, don akwai mai yin akasin haka, kuma suna kama sosai.

Na samo ta, na danna maɓallan Windows da P tare a kibod, na zaɓi Duplicate, wato majigi ya nuna abin da ke fuskar kwamfutar, hoto ya fito tar. Sauti kuwa, na ja shi daga ramin iyafis zuwa lasifika.