Yadda Ake Yawo da Keke a Rairayin Gaɓar Ada da Keta

Mai keken da ya saba da titunan Nima, Mamobi ko Ashaiman, idan yana son ya ɗanɗana tuƙi a bakin teku, gabas ya kamata ya nufa. Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku, tana da nisan kusan kilomita 100 daga Accra. Ana bin babban titin Aflao, a karya kwana a Kasseh. Mai son zuwa Keta kuwa sai ya haye gadar Sogakope, ya karya a Dabala ya bi ta Anloga. Tuddan rairayin wannan yanki gajeru ne, siririn tsiri ne mai tsawo da ya raba teku da tafkunan Songor da Keta, kuma a kansa ne ƙauyukan masunta da gonakin kwakwa suke zaune. Wannan siranta ita ce dalilin kusan duk ƙa'idojin da za su biyo baya.

Keke mai siririyar taya ba shi da amfani a nan, domin nutsewa zai yi tun kafin a taka feda sau biyu. Keken hawan dutse mai taya mai faɗin inci 2 ko fiye ya wadatar, mai ƙatuwar taya ta inci 4 kuma ya fi, idan an samu. Da ka isa bakin rairayi sai ka rage iskar tayoyin har ka ji suna ɗan lotsawa idan ka danna da babban yatsa, saboda taya mai laushi tana bajewa ta hau kan yashi, mai tauri kuma yanka shi take yi. Kada ragin ya yi yawa har ƙarfen taya ya riƙa cizon tiyub, kuma ka riƙe famfo da kayan faci, tunda za ka sake cika iska kafin ka koma kan kwalta. Ruwan sha ya fi abin da kake zato za ka buƙata, tare da hula, domin inuwa ba ta da yawa.

Abin da ya fi keken kansa muhimmanci shi ne lokaci. Teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da janyewa akwai kusan awa shida, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Yashin da ruwa ya janye ya bari yana da danshi da tauri, kuma shi kaɗai ne titin da keke zai bi cikin sauƙi. Saboda haka ka duba jadawalin cikar teku na Tema a intanet, ka fara tafiya kamar awa biyu kafin ruwa ya gama janyewa, ka kuma shirya fita kafin ya dawo da ƙarfi. Wanda yake bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan, domin a farkon wata da tsakiyarsa ne teku ya fi janyewa nesa, amma a waɗannan kwanakin ne kuma ya fi cika, har ya kai gindin tudu ya rufe hanya. Gaɓar Ada tana da gangara sosai a wurare da dama, igiyar ruwanta kuma tana da ja, don haka kada ka kusanci inda take fashewa.

A kan yashi ana tuƙi da giya mai sauƙi, ana taka feda ba tsayawa, da nauyin jiki a baya kan sirdi domin tayar gaba ta yi sauƙi. Ka sassauta riƙon kan keken, ka bar shi ya ɗan yi lilo yadda yake so, ka sa ido can gaba maimakon ƙarƙashin taya. Birkin gaba shi ne yake kayar da mutane, kwana mai kaifi ma haka. Idan taya ta nutse, ka sauka ka tura, babu abin kunya a ciki.

Tudun kansa, wato busasshen rairayin da ciyawa ta lulluɓe, ba wurin hawa ba ne, kuma a kan wannan ba na ganin akwai sassauci. Idan ka durƙusa ka duba, za ka ga wata yaɗo mai kaurin ganye da fure shuɗi-ja tana rarrafe mita da yawa a kan yashi, tare da gajeriyar ciyawa mai tsini wadda gishiri ba ya kashe ta. Saiwoyinsu sun saƙe a ƙarƙashi kamar tabarma, ganyensu kuma yana tare yashin da iska ta ɗebo, a haka tudu yake girma. Taya ɗaya da ta tsinka su ta buɗe wa iska ƙofa, kuma ta irin wannan ƙofa ruwa yake bi ya shiga gidajen mutane. Wannan gaɓa ta ƙara fama da zaizayar teku tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, wadda ta rage yashin da kogin Volta yake kawowa, sannan masu ɗibar yashin gini suka ƙara mata ciwo. Wanda ya je Keta zai ga abin da teku ya bari na ganuwar Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784, mutanen ƙauyukan Totope da Fuveme kuma sun ga ruwa ya ci gidajensu. Idan za ka tsallaka tudu, ka nemi hanyar ƙafa da mutanen gari suka riga suka fitar, ka sauka ka tura keken ko ka saɓa shi a kafaɗa.

Daga wajen Oktoba zuwa Maris akwai ƙarin dalili. Kunkurun teku, har da ƙaton nan mai bayan fata, suna fitowa da dare su haƙa rami a busasshen yashi sama da inda ruwa yake kaiwa, su binne ƙwai kusan 100, waɗanda suke yin kusan wata biyu kafin su ƙyanƙyashe. Daga sama ba a gane ramin, sai dai sawun uwar da ta ja jiki daga ruwa ta koma. Nauyin keke yana danne yashin da ke kan ƙwan, kwarin da taya ta bari kuma yana iya tare jariran, su riƙa bin tsawonsa maimakon su gangara ruwa har rana ta kashe su ko tsuntsaye su tsince su. Kada a yi tuƙin dare da fitila a wannan lokaci, domin haske yana ruɗa su. Dokar Ghana ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu, kuma Sashen Kula da Namun Daji yana da ma'aikata a Ada, waɗanda za su iya nuna maka inda ya kamata ka kauce wa.

Ɓangaren tafki yana da nasa daɗin. Songor da Keta suna cikin dausayin da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya a 1992, kuma UNESCO ta ƙara wa Songor matsayin kariya a 2011. Tsuntsayen da suke gudo wa sanyin Turai suna sauka a nan su yi kiwo a taɓo, sun kuma iso da gajiya, don haka idan ka ga garkensu ka rage gudu ka zagaye su daga nesa. Kada ka shiga filayen gishiri ko kunyoyin albasar Anloga ba da izini ba.

Gaɓar wurin neman abincin masunta ce. Da safe za ka tarar da layin mutane suna jan taru, igiyarsa a miƙe daga ruwa har gindin kwakwa, wani lokaci daidai wuyan mai keke. Ka sauka, ka gaishe su, ka jira su nuna maka ta inda za ka bi, kada kuma ka taka ragar da aka shanya.

Da ka dawo gida, a ranar za ka wanke keken da ruwan famfo, musamman sarƙa, haƙoran giya da birki, domin gishiri yana fara tsatsa cikin dare ɗaya. Ka goge shi ya bushe kafin ka ɗiga wa sarƙar mai kaɗan, sannan ka share abin da ya yi saura, saboda mai da yawa yashi yake kamawa ya riƙa cinye ƙarfen.