Darasi na 7: Riba kan riba

To jama'a, a darasin baya mun koyi cire kashi cikin ɗari, yau kuma za mu ga yadda jari ke girma in ba a taɓa ribarsa ba.

Mu ce kun sa N100,000 a sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, duk shekara kuna samun ribar kashi 10 cikin 100. Shekarar farko riba N10,000, kuɗi sun zama N110,000. To nan ne mutane ke zamewa, sai su ce ai shekara ta biyu ma dubu goma ce, a'a, tunda kun mayar da ribar cikin jari yanzu uwar kuɗin N110,000 ce, kashi 10 ɗinta N11,000, jimilla N121,000. Shekara ta uku riba N12,100, kun tashi da N133,100 kenan.

In da kalkuleta a wayarku abin ba wuya, ku rubuta 100000, ku ninka da 1.1 sau uku. In ribar kashi 20 ce sai ku yi da 1.2.

Yanzu gaba ɗaya kashi nawa jarin ya ƙaru? Ku cire kuɗin farko daga na ƙarshe, saura 33,100, ku raba da 100,000 ku ninka da 100, amsa kashi 33.1, ba 30 ba. Dan Allah kar ku riƙa tara kason shekaru kamar ana ƙirgen buhu. Wanda ya ci ribar kashi 50 bana, baɗi ya faɗi kashi 50, ba kan kuɗinsa ya dawo ba fa, daga N100,000 ya hau N150,000 ya sauko N75,000, kwatar jarinsa ta tafi.

Masu gudun kuɗin ruwa, lissafin ɗaya ne a Sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci da ake biyan mai ita kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa, sai dai shi duk wata shida ake biyan kuɗin hayar, in kun cinye ba ku sake zubawa ba to babu riba kan riba. Kuma ku lura da tsadar kaya, a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, mai ribar kashi 10 a shekarar kuɗinsa sun ƙaru a takarda amma abin da za su saya ya ragu.

Aikin gida: jarin N50,000, riba kashi 20, shekara biyu ba a cire ko sisi ba. Nawa ya zama, kuma kashi nawa ya ƙaru?